Fitilun Camry: Yadda Ake Karanta Shekarun Mota Daga Idanunta

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu ba mu taɓa riƙe sitiyari ba, amma da mota ta gifta a bakin titi sai ka ji wani ya ce "Tiny Light ce", wani ya ce "a'a, Drop Light ce", gardama ta kaure. Abin lura shi ne duka sunayen nan biyu na fitila ne. Na farko yana nufin 'yar siririyar fitila, na biyu kuma fitilar da ta zazzago ƙasa. Mota ce mai inji da giya da kujerun mutum biyar, amma da dillalai da bakanikai suka tashi raɗa mata suna, fitilarta suka duba. A wannan fitowar mun ɗauki Toyota Camry, motar iyali da kusan babu unguwar da ba a ajiye ta, domin mu bi yadda fitilunta na gaba da na baya suka riƙa sauyawa, da dalilin sauyin, da kuma inda fitila ke iya yaudarar mai saye.

Kamfanin Toyota na Japan ya fito da Camry a matsayin mota mai cin gashin kanta a 1982, sunan kuma daga kalmar Japananci yake mai nufin kambin sarauta. A 1988 aka fara ƙera ta a garin Georgetown da ke jihar Kentucky ta Amurka, kuma ta shafe shekaru fiye da ashirin tana kan gaba a ciniki cikin ƙananan motocin fasinja a ƙasar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan Camry da ke yawo a titunanmu tsofaffin motocin Amurka ne da aka sauke a Legas ko Kwatano. Saboda haka shekarun da za mu ambata duk na ƙirar Amurka ne. Wadda aka sayar a ƙasashen Asiya takan zo da fuska daban ko da shekararsu ɗaya.

Ƙirar 1992 zuwa 1996 ita ake kira Orobo, kalmar mutanen Kudu ga mai ƙiba, saboda zagayayyen jikinta. Ta yi ƙaranci yanzu, don haka ba za mu daɗe a kanta ba. Wadda ta biyo ta, ta 1997 zuwa 2001, ita ce ta fi koyar da darasi. Bodi ɗaya ne, ƙofofi ɗaya, rufi ɗaya, amma a kasuwa an raba ta gida biyu. Daga 1997 zuwa 1999 fitilar bayanta siririya ce, a kwance, ta taso daga gefen mota ta hau kan murfin but kamar an ja layi da jan alli. Ita ce Tiny Light, wasu su ce Pencil Light saboda ta yi kama da fensir. A ƙirar 2000 da 2001 sai kamfani ya faɗaɗa fitilar, ya ƙara mata tsawo zuwa ƙasa. Ita ce Drop Light, wasu kuma su ce Envelope. Mu dai a ƙungiyarmu ra'ayi ya fi karkata ga siririyar, muna ganin ta fi dacewa da miƙaƙƙen jikin motar. Amma direban da ke bin bayanta cikin hazon hunturu ba ruwansa da ra'ayinmu, babbar ya fi so, domin ita ya fi saurin hangowa.

Sauyin da ya fi muhimmanci a 2000 a gaba yake, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. In kun samu Tiny Light a ajiye, ku matsa kusa ku dubi murfin fitilar gabanta. Za ku ga yana da zane-zane, layuka a jere kamar an tsattsaga shi, har ba a ganin ƙwan da ke ciki sosai. Na Drop Light kuwa garau yake kamar gilashin taga, ana hango komai. Wannan ba ado ba ne kawai, hanyoyi ne biyu na sarrafa haske.

Ƙwan fitila shi kaɗai yana watsa haske ta ko'ina, sama da ƙasa da baya, kamar ƙwan ɗaki. Direba kuma a kan titi yake son hasken. Shi ya sa ake sa kwano mai sheƙi a bayan ƙwan, ya tattaro hasken ya tura shi gaba, daidai da abin da aka koya mana a Fiziks kan madubi mai zurfi. A tsohuwar dabara kwanon sumul yake, aikinsa turawa kawai, sai zanen da ke jikin murfin ya karkatar da hasken, ya baza shi dama da hagu, ya kwantar da shi ƙasa. A sabuwar dabara an mayar da wannan aikin kan kwanon. An yanka shi fuska-fuska, kowace fuska an lissafa kusurwarta da kwamfuta domin ta jefa nata kason hasken a wani yanki na titi. Tunda kwano ya ɗauke nauyin, murfi bai da sauran aiki sai kare ƙura da ruwa, sai aka bar shi garau. Bayan haka, Tiny Light ƙwai ɗaya take amfani da shi a kowane gefe, mai zare biyu a ciki, ɗaya na gajeren haske da direbobi ke kira dim, ɗaya na dogon haske, wato ful. Drop Light ta raba su, kowanne da ƙwansa da kwanonsa. Don haka wanda aka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sayen ƙwan fitila, in ya ce "na Camry" kawai ya yi shiru, zai iya dawowa da wanda ba zai shiga ba.

Akwai ɗan tarihi a bayan wannan. Daga 1940 har zuwa 1983 dokar Amurka ba ta yarda mai ƙera mota ya zana fitilar gaba yadda yake so ba. Dole ya sa wata irin fitila da aka haɗe ƙwai da kwano da gilashi wuri ɗaya, in ta mutu a jefar da ita gaba ɗaya. Da farko zagayayya kaɗai aka yarda da ita, daga baya aka ƙara mai kusurwa huɗu. Shi ya sa tsofaffin motocin Amurka da muke gani a fina-finai idanunsu kusan iri ɗaya ne. Da aka sassauta dokar, masu zane suka samu sarari, roba mai ƙarfi kuma ta maye gurbin gilashi, ita kuwa ana iya zuba ta a kowace siffa. Daga nan fitila ta zama wurin da kowane kamfani ke nuna kamanninsa.

Ƙirar 2002 zuwa 2006 ita ce Big Daddy, masu tsokana su ce Big for Nothing, wato girman banza. Ta fi ta baya tsayi da faɗin ciki, fitilunta ma suka girma tare da ita. Na gaba manya ne, sun ja baya sun hau kan gefen mota. Na baya kuma sun tattara a kusurwa, dunƙule ɗaya a kowane gefe, ba su taɓa murfin but ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta bambanta ta da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta in ka hango su daga baya. A 2005 an yi mata kwaskwarima, aka sake tsarin cikin fitilun gaba da na baya da ragar gaba, amma sai mai ido sosai ke rabewa.

A nan ne muka lura da wani abu da ya ba mu sha'awa. Ku jera shekarun da sabon jiki ya fito: 1992, 1997, 2002, 2007, 2012, 2018. Sannan ku jera shekarun kwaskwarima: 1995, 2000, 2005, 2010, 2015, 2021. Kowace kwaskwarima ta zo ne shekara uku cif bayan sabon jiki. Dalilin na kasuwa ne. Mota in ta kai shekara uku a wurin masu sayarwa ta fara zama tsohon yayi, abokan hamayya irin su Honda Accord sun fito da sabuwa, amma lokacin sake jiki gaba ɗaya bai yi ba. Ƙofa da rufi da gefen mota ƙarfe ne da ake bugawa da manyan injinan matsa, kuma sassaƙa sabon mazubin da zai buga su kuɗi ne mai yawan gaske. Fitila da bamba da ragar gaba kuwa roba ce, ana ɗaure su da kusoshi, sake su bai kai wancan tsada ba. Kuma su ne ido ke fara sauka a kansu. Sai kamfani ya taɓa abin da ya fi araha, ya samu canjin da ya fi fitowa fili. Ba Toyota kaɗai ke yin haka ba. Accord da ake kira End of Discussion, ta 2003 zuwa 2005, da wadda ake kira Discussion Continues, ta 2006 da 2007, jiki ɗaya ne. Babban abin da ya raba su shi ne baya: doguwar fitila a kwance ta koma mai kusurwa uku.

Sai Muscle, ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda muke son mu ɗan daɗe a kanta domin har yanzu tana cikin waɗanda aka fi saye da sayarwa. In ka leƙa fitilar gabanta za ka ga wani dunƙulallen gilashi kamar ƙwayar ido. Wannan dabara ce ta uku, ana kiranta furojekta. Ƙwan yana can ciki a ƙaramin kwano mai zurfi, a gabansa akwai ɗan faifan ƙarfe da ke tare hasken da zai tashi sama, a gaban faifan kuma gilashi mai tudu da ke tattara sauran ya harba shi gaba. In aka haska irin wannan fitila a jikin bango da dare, za ka ga layi a miƙe, ƙasansa haske, samansa duhu. Layin nan shi ke kare idon direban da ke tahowa.

A 2010 aka yi wa Muscle tata kwaskwarimar. An sake bamba da raga, an ɗan ƙara girman fitilun gaba, a baya kuma aka sa fitilar LED. Wannan ba ƙwai mai zare ba ne. Tsohon ƙwai yana ba da haske ne idan lantarki ya gasa siririyar wayar da ke cikinsa har ta yi fari, kuma gasuwar na ɗaukar lokaci, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin hasken ya cika. LED kuwa tana kamawa nan take. Kashi ɗaya cikin biyar na sakan kamar ba komai ba ne, to amma mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 100,000 a sakan 3,600, wato kusan mita 28 a kowane sakan. Kashi ɗaya cikin biyar na wannan ya haura mita 5 da rabi. Tsawon Camry kanta bai kai mita 5 ba. Ke nan direban da ke bin motar da danjar birkinta LED ce yana samun gargaɗi da wuri da tazarar da ta fi tsawon mota guda. A hanyar Kano zuwa Zariya da dare, wannan tazarar na iya raba wanda ya tsaya da wanda ya daki bayan wani.

To a nan ne matsalar take. Abin da ya sa kamfani ke son sauya fitila, wato sauƙin cirewa da ɗaurawa, shi ne kuma ya buɗe ƙofar yaudara. Tunda jikin 2007 da na 2010 ɗaya ne, mai gyaran bodi zai iya cire bamba da raga da fitilun ta 2007, ya ɗaura na 2010, a yi fenti, mota ta fito kamar ta ƙaru da shekara uku na ƙuruciya. Wannan aiki sananne ne a garejojin ƙasar nan, kuma wanda ya yi wa motarsa don jin daɗinsa bai yi laifi ba. Laifin yana zuwa ne ranar sayarwa, in aka karɓi kuɗin 2010 a kan 2007. Bambancin kuma bai tsaya a fuska ba. Mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 injinta lita 2.4 ne da giya biyar mai canza kanta. Ta 2010 da 2011 injinta lita 2.5 ne da giya shida. Wanda aka yaudara ya biya kuɗin inji da giyar da bai samu ba, kuma duk ranar da ya je sayen kayan gyara da sunan 2010 zai sha mamaki.

Maganin wannan yana hannun kowane ɗalibi da ya iya ƙirga. Kowace mota tana da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17, wadda bakanikai ke kira lambar shasi. A motocin Amurka ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka ƙirga daga hagu zuwa na goma, shi ne shekarar ƙira. V na nufin 1997, W 1998, X 1999, Y 2000. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. Daga 2010 aka koma harufa: A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba, ana tsallake wasu harufa irin su I da O da Q domin kada a rikita su da alƙaluma. Don haka Muscle mai fuskar 2010 da na gomanta ya nuna 7 ko 8, an yi mata dashen fuska. Farkon lambar ma yana magana: 4T1 na nuna an ƙera ta a Amurka, wadda ta fara da J kuma daga Japan take. Abu ɗaya da kan rikita mutane shi ne watan ƙira da ke takardar ƙofa yana iya nuna shekarar da ta gabata. Ƙirar 2007 tun farkon 2006 aka fara sayar da ita, saboda haka ganin 2006 a ƙofa da 7 a lamba ba alamar maguɗi ba ce. In Baba ko Yaya zai je ganin mota, wannan taimako ne da za mu iya bayarwa cikin minti ɗaya.

Na bayan nan za mu bi su da sauri. Ta 2012 ta zo da fitilu masu kaifin kusurwa. Kwaskwarimarta ta 2015 ta saɓa wa al'ada, domin kusan duk fatar jikin aka sake ban da rufi, abin da ke nuna fitila kaɗai ba kullum take isa ba in kasuwa ta yi zafi. A 2018 LED ta shigo fitilar gaba a kowane aji na motar, masu zane kuma suka samu damar sirantar da ita yadda ƙwai mai zare ba zai bari ba. Ajin SE da XSE na wannan ƙirar suna da wani baƙin zane da ya gangaro daga ƙasan fitilar baya kamar hawaye. Ado ne, kuma mu bai burge mu ba. Ƙirar 2025, wadda ke haɗa fetur da lantarki a kowane aji, ta zo da siririn haske mai lanƙwasa a gaba. Abin dariya, bayan shekaru kusan talatin an sake komawa ga siririyar fitila, sai dai wannan karon a gaba.

Fitila tana kuma faɗin ƙasar da aka yi mota dominta. Dokar Amurka ta wajabta ƙananan fitilun gefe, ruwan lemo a gaba, ja a baya, shi ya sa za ku ga ɗan yanki mai ruwan lemo a kusurwar fitilar gaban Camry ɗin Amurka. Dokar ta kuma yarda siginar baya ta zama ja, alhali a Turai dole ta zama ruwan lemo. Fitilar birki ta uku da ke tsakiya, a sama, tun ƙirar 1986 aka wajabta ta a kan ƙananan motocin Amurka. Wani bambancin kuma ba a ganinsa da rana. Gajeren haske ba a miƙe yake zuba ba, ana ɗan ɗaga shi ta gefen bakin titi domin direba ya ga allunan hanya da masu tafiya a ƙasa, a kwantar da shi ta gefen masu tahowa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu 1972. Japan da Ingila a hagu suke tuƙi. Fitilar da aka yi wa titunansu, in aka ɗaura ta a nan, ɓangaren da aka ɗaga yana faɗawa ne cikin idon mai tahowa.

Irin wannan cutarwar ce ke faruwa in aka cusa ƙwan LED na kasuwa a cikin kwanon Big Daddy ko Drop Light. An lissafa fuskokin kwanon ne bisa siririn zare da ke zaune a wuri takamaimai. In abin da ke ba da hasken ya sauya siffa ko ya goce ko da kaɗan, lissafin ya rushe, haske ya watsu sama. Mai motar yana murna fitilarsa ta yi fari tas, mai babur da ke tahowa kuwa ba ya ganin gabansa. Yawancin masu yin haka suna gudun duhun fitila ne, alhali sau da yawa ba ƙwan ne ya gaji ba, murfin ne. Robar da ake yin sa da ita tana da wani siririn shafi mai kare ta daga hasken rana. Ranar ƙasarmu da ƙurar hunturu suna cinye shafin, sai robar ta yi rawaya ta dushe, ta riƙe hasken a ciki. Masu wankin fitila suna goge saman da takardar yashi mai laushi su sa man sheƙi, ta dawo garau. Amma in ba a sake fesa mata sabon shafin kariya ba, rawayar takan dawo cikin 'yan watanni.